Daga Kano zuwa Guangzhou: ta Adis Ababa, ta Alƙahira, ko ta Doha?

Ɗan kasuwar da ya ƙudura niyyar tashi daga Kano zuwa Guangzhou da ke ƙasar Sin domin sayo kaya, ko daga Kantin Kwari yake ko daga kasuwar waya ta Farm Centre, tambayoyi biyu yakan fara yi wa mai sayar masa da tikiti: nawa ne kuɗin, kuma awa nawa ake yi a hanya. Ta farkon tana da amsa guda a ranar da aka yi ta. Ta biyun kuwa ba ta amsuwa da lamba ɗaya, saboda babu jirgin fasinja da ke da jadawalin tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano ya sauka a filin Baiyun na Guangzhou kai tsaye. Dole matafiyi ya yada zango a wani wuri, kuma wurin da ya zaɓa shi ne zai yanke masa tsawon tafiyar, da irin gajiyar da zai isa da ita, har ma da ko jakarsa za ta iso tare da shi.

Idan aka auna layi mafi gajarta a bisa doron duniya tsakanin filayen biyu, za a sami kimanin kilomita 10,900. Jirgin fasinja na zamani yana gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa ɗaya bayan ya gama hawa ya daidaita a sama, amma hawa da sauka da zagayen neman layin sauka suna cin nasu lokacin, shi ya sa lissafin da ya fi kusa da gaskiya shi ne a raba nisan da 850 sannan a ƙara rabin awa. Da a ce akwai jirgi na kai tsaye, da zai yi wajen awa goma sha uku. Wannan adadin shi ne ma'aunin da ya kamata mutum ya riƙe a zuciyarsa, domin duk abin da ya haura shi a tikitin da aka miƙo masa, ko dai ratse ne daga miƙaƙƙiyar hanya, ko kuma zama ne a filin jirgi.

Taswirar da muka saba gani a bangon aji tana yaudarar ido a kan wannan batu. Wanda ya dube ta zai zaci hanyar Sin daga Kano gabas take miƙewa sak, ta Habasha da tekun Indiya. Amma duniya a dunƙule take, don haka layi mafi gajarta yana barin Kano ne ta arewa maso gabas, ya ratsa Chadi da arewacin Sudan, ya haye Bahar Maliya, ya keta Saudiyya, ya bi ta saman Ƙatar, sannan ya gangara ta arewacin Indiya da Myanmar zuwa kudancin Sin. Birnin Doha yana kusan a kan wannan layin daidai. Daga Kano zuwa Doha kimanin kilomita 4,750 ne, daga Doha zuwa Guangzhou kuma kimanin 6,200, wanda jimillarsu ba ta ɗara nisan kai tsaye da wani abin a zo a gani ba. Alƙahira ce ke biye: kimanin 3,100 daga Kano, sai kimanin 8,000 zuwa Guangzhou, jimilla wajen 11,100. Adis Ababa, wadda ido ke ɗauka ita ce a kan hanya, ita ce ta uku: kimanin 3,300 da kuma kimanin 8,000, jimilla tsakanin 11,300 da 11,400. Tazarar da ke tsakanin mafi kusa da mafi nisa a cikin ukun ba ta kai kilomita 500 ba, wato tafiyar rabin awa a sama. A tafiyar da ke cinye yini da dare, rabin awa ba dalilin zaɓar hanya ba ne, kuma a nan ne nake ganin mutane da yawa suke ɓata tunaninsu a kan abin da ba shi ne ba.

Hanyar Adis Ababa ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin ita ce 'yan kasuwar Afirka ta Yamma suka fi sani. Kamfanin Ethiopian Airlines ya fara zuwa Najeriya tun 1960, ya fara zuwa ƙasar Sin a 1973, kuma ya gina jadawalinsa a kan tsari guda mai sauƙin fahimta: jiragen da ke fitowa daga biranen Afirka suna isowa filin Bole na Adis Ababa da daddare, jiragen Asiya kuma suna tashi wajen tsakar dare, a dawowa, na Asiya suna sauka da asuba, na Afirka su tashi da hantsi. Amfanin wannan ga mutumin Kano shi ne zaman jiran ba ya yin tsawo, galibi awa uku ne zuwa huɗu. Zangon farko yana ɗaukar wajen awa biyar, na biyu wajen awa goma, don haka tafiyar gaba ɗaya takan tsaya a tsakanin awa goma sha takwas da ashirin. Mutum zai bar Kano da rana, ya isa Guangzhou da la'asar ɗin washegari, ya sami damar kama masauki da sauran haske, ya ci abinci, ya kwanta a lokacin da mutanen gari suke kwanciya. Ga wanda zai shiga kasuwa da safe, wannan lokacin isowa ya fi ragin awa ɗaya ko biyu daraja.

Tashin tsakar dare daga Adis Ababa yana da wani dalili na daban. Filin Bole yana bisa tudu mai tsayin sama da mita 2,300 daga bakin teku, iskar wurin ba ta da kauri, kuma jirgi mai nauyin mai na awa goma ya fi samun ƙarfin ɗagawa idan gari ya yi sanyi. Wannan tsayin yana shafar fasinja ma: dare a Adis Ababa yana da sanyin da ɗan Kano zai ji a jikinsa ko da a watan Afrilu ne, kuma mai ciwon zuciya ko na numfashi yana iya jin ƙirjinsa ya yi nauyi idan ya yi saurin tafiya tsakanin ƙofofi. Aibin hanyar na gaskiya shi ne cunkoso. Tunda jirage da dama suna isowa a lokaci guda, layin binciken tsaro yakan yi tsawo, kujerun zama sukan yi ƙaranci, kuma idan jirgin Kano ya makara da awa biyu, abin da ya rage na jiran ba ya isar mutum ya yi alwala da salla a natse. Sai kuma zango na biyu, awa goma cur a kujera ɗaya, wanda ba kowane jiki ne yake ɗauka ba. Wanda jiransa ya yi tsawo har aka kai shi otal a cikin gari, ya tuna cewa Habashawa suna ƙirga awanninsu daga fitowar rana, ƙarfe ɗayansu shi ne ƙarfe bakwai na safe a agogon da muka sani, don haka ya tabbatar da wane agogo ake nufi idan an faɗa masa lokacin da mota za ta zo ɗaukarsa.

Doha ce ta fi kowacce kyau a kan takarda, amma akwai abin lura. Lokacin da Qatar Airways ya buɗe hanyar Kano a watan Maris na 2022, ta Abuja jirgin yake bi, kuma duk ranar da tikiti ya nuna wannan tsayawar, lissafin da aka yi a sama ya rushe. Abuja tana kudu da Kano da kimanin kilomita 360, wato mutum zai fara komawa baya ne kafin ya nufi inda za shi. Daga Abuja zuwa Doha kimanin kilomita 5,000 ne, don haka jimillar takan kai wajen 11,600, hanyar da ta fi kowacce gajarta a taswira ta koma mafi tsawo a cikin ukun. Ƙarin kilomitocin ba su ne abin damuwa ba. Sauka da sake tashi su ne. Tsallen Kano zuwa Abuja bai cika awa ɗaya a sama ba, amma zaman jirgi a ƙasa ana ɗibar fasinja da kaya yakan haura awa guda, sai a ƙara wajen awa bakwai zuwa Doha, da wajen awa takwas zuwa Guangzhou. Kafin a sa jiran Doha a lissafi an riga an ci kusan awa goma sha bakwai, kuma da wuya jimillar ta gaza awa ashirin.

Duk da haka, akwai mutanen da ni zan ba su shawarar wannan hanyar ba tare da jinkiri ba. Ta raba tafiyar kusan gida biyu daidai, bakwai da takwas, ba biyar da goma ba. Dattijo mai ciwon gwiwa ko na baya, da mace mai juna biyu da likita ya yarje mata tafiya, da mai ciwon suga da ke bukatar cin abinci da shan magani a kan lokaci, da duk wanda aka taɓa gargaɗinsa a kan daskarewar jini a jijiyar ƙafa saboda dogon zama, duk sun fi samun sauƙi idan mafi tsawon zamansu awa takwas ne. Filin Hamad na Doha, wanda aka buɗe a 2014, yana da faɗi, yana da ɗakunan salla da wuraren alwala a sassa da dama, da kujerun da mutum zai miƙe ƙafa. Hanyar lafiya, in ji Hausawa, a bi ta da shekara, kuma awa biyu ko uku na ƙari ba asara ba ne ga wanda zai sauka yana iya taka ƙafarsa.

Alƙahira tana da tsohuwar alaƙa da sararin samaniyar Kano, domin jirage uku na sojan saman Ingila da suka sauka a birnin a 1925 daga Masar suka taso, bayan sun shafe kwanaki a hanya. A yau jirgin EgyptAir yana cinye wannan nisan a wajen awa biyar, zangon Guangzhou kuma wajen awa goma, don haka zaman cikin jirgi bai bambanta da na hanyar Habasha ba. Abin da ke yanke hukunci a nan shi ne yadda jiragen biyu suka haɗu a ranar da mutum zai tafi. Idan jirgin Kano ya sauka 'yan awanni kafin na Guangzhou ya tashi, hanya ce mai kyau ƙwarai, kuma mai jin Larabci zai ji kamar a gida yake. Idan kuwa ranakun ba su dace ba, jiran zai iya haura rabin yini, tafiyar ta zarce awa ashirin da huɗu. Kada a karɓi tikitin Alƙahira saboda arha kawai sai an ga awannin jiran a rubuce, na zuwa da na dawowa, domin sau da yawa ɗaya yakan yi kyau ɗayan ya yi tsawo. A kuma tuna cewa Masar ta dawo da sauya agogon bazara a 2023, saboda haka tana gaban Najeriya da awa ɗaya a lokacin sanyi, da awa biyu daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba.

Akwai masu cewa gara a sauka Legas ko Abuja a hau wani jirgin daga can. Ta Legas da Dubai, nisan yana kaiwa wajen kilomita 12,500: kimanin 830 zuwa Legas, 5,900 zuwa Dubai, da 5,800 zuwa Guangzhou. Kamfanin Emirates ya dakatar da zuwa Najeriya a ƙarshen 2022, ya dawo Legas a watan Oktoba na 2024. Ta Abuja da Santambul ma jimillar tana kusan 12,400. Waɗannan hanyoyin sun dace da wanda yake da wata hulɗa a Dubai ko Turkiyya da zai tsaya ya yi. Ga wanda Guangzhou kaɗai ya nufa, ban ga hikimarsu ba, kuma babban dalilina ba nisan ba ne. Jirgin cikin gida daga Kano yawanci tikitinsa daban ne, wato idan ya makara ko aka soke shi, kamfanin da zai kai mutum Sin ba ruwansa, tikitin nan mai tsada ya tafi ko kuma a biya tara a sauya rana. A Legas kuma sai an karɓi kaya a sashen jiragen cikin gida, an shiga mota zuwa sashen ƙasa da ƙasa, an sake awo daga farko. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo yakan hana jirage sauka da tashi a Kano na awanni, wani lokaci na yini guda. Wanda ya zaɓi wannan hanya a irin wannan lokaci ya kwana a Legas ko Abuja tun daren jajibirin tafiyar, ya kuma sa kuɗin otal da na mota a cikin lissafinsa kafin ya ce ya sami arha.

Wannan ya kawo mu kan abin da na ɗauka shi ne mafi muhimmanci a cikin zaɓin baki ɗaya, wato tikiti guda daga Kano har Guangzhou. Idan duka zangunan suna kan tikiti ɗaya, a Kano za a auna kaya a maƙala musu takardar Guangzhou, kuma idan jinkirin jirgin farko ya sa aka rasa na biyu, nauyin sake tsara tafiyar yana kan kamfanin. Hanyoyin nan uku na farko duk suna ba da wannan damar. A nemi mai sayar da tikitin ya nuna lambar tikitin, a tabbata guda ce, domin akan haɗa wa mutum tikiti biyu a takarda ɗaya ya zaci abu ɗaya ne.

Lambobin nisan da aka ambata duka na miƙaƙƙen layi ne, jirgi kuwa yana bin hanyoyin da aka shata masa a sama, kuma siyasa tana lanƙwasa su. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jirage da yawa suka koma zagaye ta, kuma Sudan tana kan hanyar Adis Ababa da ta Doha duka, don haka zangon farko yakan ɗauki lokaci fiye da yadda nisan yake nunawa. Yankin Tekun Fasha ma yana da nasa haɗarin: a ranar 23 ga Yuni, 2025, Ƙatar ta rufe samaniyarta na wasu awanni gab da harin makamai masu linzami da Iran ta kai sansanin sojan Amurka da ke ƙasar, jirage da dama suka karkata zuwa wasu filayen. Babu hanyar da ta tsira daga irin wannan, amma wanda ya saurari labarai a makon da zai sayi tikiti zai san wace ce ta fi kwanciyar hankali a lokacin.

Dawowa ta fi zuwa tsawo a kowace hanya aka bi. A can sama inda jirage ke tafiya akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, tana tura jirgin da ya nufi Sin, tana kuma tare wanda ya nufo gida, kuma ta fi ƙarfi a watannin sanyi. Zangon da aka yi a awa goma a zuwa yakan kai sha ɗaya a dawowa, na Doha mai awa takwas ya kai kusan tara. Agogo kuwa yana nuna akasin haka, kuma a nan ne ake yawan ruɗewa. Ƙasar Sin tana gaban Najeriya da Nijar da awa bakwai, Habasha da Ƙatar suna gabanmu da awa biyu, kuma kowane lokaci da aka rubuta a tikiti na garin da filin yake ne. Wanda ya tashi daga Kano da ƙarfe 1 na rana ya yi awa goma sha tara a hanya, zai sauka da ƙarfe 3 na yammacin washegari a agogon Guangzhou, alhali jikinsa yana ganin ƙarfe 8 na safe ne. A dawowa, wanda ya tashi da ƙarfe 12:30 na dare ya yi awanni iri ɗaya, zai iso Kano da ƙarfe 12:30 na ranar da ya tashi. Wannan tashin na bayan tsakar dare yana da tarko: jirgin da aka rubuta zai tashi 12:30 na daren Talata, a daren Litinin ake zuwa filin jirgi, kuma wanda ya jira yammacin Talata ya riga ya rasa shi. Lokutan salla ma suna matsowa kusa da juna idan an nufi gabas, asuba takan riski mutum 'yan awanni kaɗan bayan tashi daga zangon tsakiya, don haka ya kyautu a haɗa magariba da isha a filin da aka yada zango kafin a shiga jirgi, kuma jiran da bai kai awa biyu ba da wuya ya ba da damar hakan.

Idan aka tambaye ni, ga mai lafiya da ke son isa ya kama aiki, Adis Ababa zan ce, saboda gajeren jira da lokacin isowa. Ga mai rauni a jiki, Doha. Alƙahira kuma a ranar da jiranta bai wuce awa biyar ko shida ba a zuwa da dawowa. Lokacin tafiyar ma yana iya sauya lissafin. Baje kolin Canton, wato babban baje kolin kayan kasuwanci da ake yi a Guangzhou tun 1957, yana gudana sau biyu a shekara, daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu da kuma daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kuma a makonninsa kujeru sukan ƙare da wuri, kuɗi ya hau, har mutum ya rasa zaɓi sai abin da ya samu. Daga Yuli zuwa Satumba guguwar teku da ruwan sama mai ƙarfi sukan jinkirta jirage a Guangzhou, wanda ke nufin gajeren jiran da yake alheri a zuwa yana iya zama matsala a dawowa, gara a bar tazarar awa uku ko fiye. Katin rigakafin shawara ya kasance a aljihu tare da fasfo, ba a cikin jakar da aka auna ba, domin ana iya neman sa a zangon tsakiya ko a Sin. Kafin a biya kuɗi kuma a karanta adadin kayan da tikitin ya yarda da su a dawowa. Galibi jaka biyu ne masu kilo 23 kowace, amma tikitin da ya fi arha yakan zo da ƙasa da haka, kuma kuɗin jaka ɗaya ta ƙari a filin Baiyun yana iya cinye duk ragin da aka samu a Kano.